Badaru, Ba Za a Tona Rafin Nan Ba

Mai rai Ya karɓi aron da Ya bayar, kuma wurinSa dukanmu muka dosa. A ranar Talata, 17 ga Shawwal 1446, daidai da 15 ga Afrilu 2025, Allah Ya yi wa Injiniya Badaru Harisu Rimaye rasuwa a wani asibiti a Katsina, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura a Rimaye kafin faɗuwar rana. Ya bar maiɗakinsa Rauda da 'ya'yansa Sumaiya da Shamsiyya. Ya kuma bar mana aiki a ƙarƙashin rafi, kuma saboda wannan aiki na ɗauki alƙalami tun hawayena bai bushe ba.

Badaru, kai aka turo mana lokacin da aka yanke shawarar kwashe ruwan ƙazantar kasuwa da na mahauta da na ɗakin shan magani na garinmu, nan tsakanin Kankiya da Kusada, a tura shi ta bututu zuwa tafkunan tacewa da ke hayin rafi. Ni kwamitin tsaftar gari ya wakilta in riƙa binka. Ba sanin aikin na yi ba; iyakar karatuna a kansa ƙasidun da ma'aikatan lafiya ke rabawa ne. Na dame ka da tambayoyi, wata ma in maimaita ta don zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban taɓa jin tsakinka ba.

Ranar da na tambaye ka dalilin kawo ƙaton injin huda ƙasa alhali rafi a bushe yake, ba ka amsa da baki ba. Ka tsuguna ka sa hannu ka yi ta yaye yashi har ruwa ya tsattsafo, ka ɗiba ka miƙo mini, ka ce, “Malam Shehu, rafin nan bai ƙafe ba, ɓuya ya yi.” Sai ka nuna mini matan da ke can ƙasa da mu, kowace a bakin ramin da ta tona, tana kwasa da ƙwarya. Ka ce idan aka haƙa lambatu aka kwantar da bututu a cikin yashin nan, ambaliyar damina za ta yaye shi, masu ɗibar yashi da tifa su ƙarasa, kuma ranar da ya tsage ba wanda zai gani. Najasa za ta bi ƙarƙashin yashi ta tarar da ƙwaryar matan nan. Don haka injin zai zauna a gaɓa, ya tura sandunan ƙarfe a karkace su nutse har cikin yumɓun da ke ƙasan yashi, su ɓullo a hayi, sannan a jawo bututu guda marar gami ta cikin hudar. Ni da na taimaka aka wanke gawarwaki a shekarar amai da gudawa, ban nemi ƙarin bayani ba.

Amma mu mutanen gari ne, kuma a garinmu ba a barin baƙo yana fama shi kaɗai. Da aka ga kwanaki na tafiya, inji na gurnani, ba rami ba bututu, sai tausayinka ya kama jama'a. Baba Gajere, sarkin noman garin, ya kira gayya ba tare da ya gaya maka ba, don ya faranta maka. Da hantsi muka ji ganga. Samari suka gangaro da diga da shebur da galma, mata na biye da ƙwaryar fura, har an ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa.

Ka sauko daga kan inji ka tsaya a kan igiyar.

Baba Gajere ya ce, “Ɗan Harisu, gusa. Kafin La'asar mun raba ka da wanga wahala.”

Ka ce, “Baba, na gode, Allah Ya saka. Amma ba za a tona ba.”

Ya ce, “Kai, yashin ga tun ubanka na yawo ba wando muke tona shi!”

Ka ce, “Don ku sha ruwa kuke tonawa, Baba. Yau don a binne kashi ne.”

Ganga ta tsaya. Wanda ba ɗan nan ba ba zai san nauyin mayar da gayya ba. An koma da fura ba a sha ba. Aka ce boko ya lalata ka, aka daina amsa sallamarka a bakin kasuwa. Ba ka rama ba, ba ka kuma janye ba. Washegari ka tuɓe takalmi ka durƙusa a zauren Baba Gajere, ka ba shi haƙuri a kan kunyar da ya ji, amma ba a kan maganarka ba. Ka roƙe shi ya ajiye maka gayyar zuwa ranar jan bututu, domin ranar za a bukaci hannaye su tallafe shi. Ran da kan ƙarfen ya fasa ƙasa ya ɓullo a gindin gawon hayi, Baba Gajere ne ya fara isa. Ya duba, ya duba, ya ce, “Ashe gafiya ka kawo mana.” Dariyar da ka yi ranar, ita nake ji har yanzu.

Kana shirin jan bututu ciwo ya kwantar da kai. Bututun yana nan miƙe a hayi. Kamfanin da ya turo ka ya ce a jira sabon injiniya, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kola, mai tuƙa injinka, Bayerabe Kirista da ya tsaya a bakin maƙabarta yana kuka kamar ɗan'uwanka na jini, ya gaya mini cewa ruwan lakar da aka ɗura a hudar don kada ta rufta ba zai jira har abada ba.

To, a wurin zaman makokinka, a kan tabarmar da ake yi maka addu'a, na ji wasu na cewa a sake kiran gayya ranar Asabar, a tona, a binne bututun a cikin yashi, wai ya zama sadaka a gare ka. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa. Da kyakkyawar niyya aka zo da farko ma. Amma ina gaya musu a rubuce, don kada a ce ba a ji ba: wannan ba sadaka ba ce, cin amanar mamaci ne. Ba za a aikata abin da ya hana yana raye don kawai bakinsa ya rufe ba, balle a liƙa sunansa a kai.

Ku kuma kamfani, ku ji. Aikin bai mutu da Badaru ba. Hudar na nan, Kola na nan, inji na nan. A turo wanda zai tsaya a ja bututun kafin ruwa ya sauka. Kwamiti zai yi ta zarya ofishinku har ku gaji da ganin fuskokinmu.

Ni mutum ne mai tsoro, Badaru, ka sani. Ko sautin injinka firgita ni yake yi. Duk da haka ranar Asabar zan shimfiɗa tabarmata a tsakiyar rafi, daidai inda ka tsaya. Na je na gaya wa Baba Gajere. Ya ce, “Taho da babbar tabarma, ta mutum biyu. Na ɗaukar wa yaron nan alkawarin ganga ran jan bututu, ba za ta fita kafin nan ba.” Saboda haka duk mai diga ya zo, amma da mu zai fara.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Badaru, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa. Ka sa kowace ƙwaryar ruwa mai tsabta da aka ɗiba a rafin nan ta zama haske a makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Rauda, Sumaiya, Shamsiyya, da dukan zuriyar Malam Harisu a Rimaye, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin tsayawa inda ya tsaya, har ranar da za mu tarar da shi. Amin.

Shehu Babba