Na Zargi Mai Dafa Mana Shayi

Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Masu cewa na gudu Kano, ina Matameye, jinya na yi.

Da ƙishirwa abin ya fara. Sai yawan fitsari, sai rama. Ni da nake sayar da ganyen shayi da sukari, ina yi wa masu saye wa'azin amfanin shayi, wando ya fara zame mini.

A kasuwa na girma, ban yarda abu na faruwa haka kawai ba. Zuciyata ta tafi kan Ilu, mai dafa mana shayi a fada, wato majalisarmu ta hira, shekara da shekaru. Mun taɓa sa-in-sa kan rumfa. Na fara kallon hannunsa, ko yana zuba mini wani abu. Har musanya kofina na yi da na abokin zamanmu Alhaji Mamman a ɓoye, in ga ko zai rame. Ƙiba ya ƙara.

Na bar fada, na koma dafa nawa. Na karanta a waya wai koren shayi na wanke jini, sai na ninka. Zagaye uku, sau huɗu a yini, sukari har cokali ya tsaya.

Ranar kasuwa na faɗi a bakin rumfa.

A gidan likita aka soki yatsana, aka ɗaura mini ruwa. Likita ya ce ciwon sukari ne. Na ce a raina, magani yake son sayarwa. Da aka sallame ni na tafi Damagaram aka sake awo, ban gaya musu komai ba. Magana ɗaya, ciwon sukari. Nan tsoro ya kama ni.

Likitar can ta ce, "Malam, ganyen bai yi maka komai ba, yana ma da amfani. Kai ne kake shan alewa da kofi."

Ilu ya zo gaishe ni da butarsa, shayi ba sukari. Ya miƙo, hannuna ya tsaya. Ya karɓe, ya kurɓa, ya ce, "Sha, ɗan banza. Tun ranar da ka musanya kofi na gan ka."

Na roƙi gafara. Ya ce sai ya yi shawara.

Alhamdulillahi, da allura da kiyaye abinci jiki ya dawo. Na gode wa maiɗakina Hadiza da ma'aikatan jinya.

In ƙishirwa ta hana ku sakat, ku je awo kafin ku zargi kowa. Ku sha shayi, ku rage sukari. Mai sayar da shi ne ke gaya muku.

Na koma fada. Har yau Ilu sai ya kurɓa a gaban kowa kafin ya miƙo mini.