Jitar da Kawu ya aike ni saye

Ni direba ne, motar alhazai nake ja daga tashar Kudai a Makka, kuma sanina da kiɗa bai wuce in kunna rediyo in rage ta idan an kira salla ba. Amma ni aka aika Jidda sayen jita. Wanda ya aike ni kawuna ne, yayan mahaifiyata, tela a wani lungu na unguwar Misfala. Ya zo aikin Hajji tun ina goye, jirginsu ya koma bai koma ba, har yau kuma ba shi da takarda. Ni ina da igama, wato takardar izinin zama, shi ya sa duk abin da ya wuce shingen bincike na hanyar Jidda ni ake aika.

Kafin ya zama tela makaɗi ne. A Kaduna ya yi samartakarsa, a cikin wasu Yarbawa masu kiɗa a otal, kuma abin da yake kaɗawa ba jitar da ake rungumewa ba ce. Wannan a kwance take bisa ƙafafu huɗu, shi ya sa yake ce mata teburi. Tsirkiyoyinta goma. Hannun hagu yana jan wani guntun ƙarfe mai santsi a kansu, hannun dama yana tsinka da farata na ƙarfe. A ƙasa akwai feda uku da ake takawa da ƙafar hagu, ga wasu sanduna da ke rataye ana tura su da gwiwa. Kowace feda ka taka, muryar sai ta lanƙwasa ta hau ko ta sauka. Waccan ta Kaduna ta mai ƙungiyar ce, Kawu bai taɓa mallakar tasa ba.

A Misfala ba wanda ya san shi da wannan. An san shi da rage tsawon jallabiya da gyaran zif na jakar alhazai da sahun gaba a masallacin unguwa. Ni kaina sai da na girma na ji labarin, a bakin mahaifiyata, ita ma cikin mita ta faɗa. Da zamani ya juya aka fara sayar da kayan kiɗa a fili a Jidda, sai na lura Kawu yana daɗewa a kan waya da samma'a, abin sauraro, a kunne, yana jan almakashi a kan teburin yanka a hankali, ba yadi a ƙasansa. Na ce a raina ba ruwana.

Shi ya ga tallar jitar a waya. Wani ɗan Filifin ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya gama zamansa zai koma gida gaba ɗaya. Jita biyu gare shi irin wannan, ɗaya zai sayar, wadda ta rage ya tafi da ita. Kawu ya ce bai taɓa ganin an tallata irinta a ƙasar nan ba, kuma ba ya jin zai sake gani yana raye. Matsalar a fili take. Mai jitar ba Musulmi ba ne, ba zai shigo Makka ba. Kawu kuwa in ya fita ba tabbas zai dawo. Tsakaninsu tafiyar awa ɗaya, amma sai dai waya da ni.

Ranar da zan tafi ya zauna a kujerar keken ɗinkinsa, ya sa ni na auna daga ƙasa zuwa gwiwarsa da tef, ya rubuta a takarda ya cusa min a aljihu. Ya ce in sa wando, kada in je da jallabiya in ba shi kunya, sandunan gwiwa ba sa shiri da ita. Ya ce kiran murya za mu yi, ba ya son na hoto, ido yana ruɗar kunne. Kada ma in gaya masa launinsu, in ce ta farko, in ce ta biyu.

"Kunnena ne zai zaɓa," in ji shi. "Kai dai riƙe waya."

Akwai abin da na sani wanda ban taɓa faɗa masa ba. Kawu yana da ciwon suga, wannan kowa ya sani. Amma wata rana muna tafiya sallar azahar da zafi, takalminsa na hagu ya sulluɓe, ya yi taku biyar ko shida a kan kwalta bai sani ba. Kwaltar Makka da azahar, wadda ko kyanwa ba ta takawa. Na ɗauko takalmin na ajiye a gabansa kamar tuntuɓe ya yi, ya zura muka wuce. Daga nan na riƙa kallo. Yana jan ƙafar in ya gaji, yana dafa bango a matakala. Keken ɗinki da ƙafar dama yake takawa, don haka aiki bai tsaya ba, kuma bai taɓa kawo zancen ba. Ni ma ban kawo ba. Ba a ce wa babba ƙafarka ta mutu.

Na isa Jidda da hantsi ranar Alhamis. Ɗakin mutumin duk kwalaye ne a ɗaure, ba abin da ya rage a tsaye sai jitocin biyu da akwatin sauti da kujera ɗaya. Ta farko ja ce, tsohuwa, katako ne mai nauyi, fentinta ya goge a inda hannu ke hutawa. Ta biyu baƙa, sabuwa fil, da hannu ɗaya na ɗaga ta. Na auna tsawonsu da tef, duka sun yi daidai da gwiwar Kawu. Na kira shi, na buɗe muryar waya.

Awa biyu muka yi, wallahi har hannuna ya sage. Kawu da mutumin suna gwaranci da Larabcin kasuwa, kowa yana karya nasa, amma suna fahimtar juna fiye da yadda nake fahimtar kowannensu. Kawu ya ce a kaɗa masa tsirkiya mai kauri ita kaɗai a bar ta ta mutu da kanta. Aka kaɗa, muka yi shiru mu uku muna jiran ƙara ta ƙare. Ya ce a koma ta biyu. Ya ce in matsa da wayar bakin ƙofa. Ya ce in dawo. Ya ce a ja ƙarfen daga ƙasa har sama a hankali. Sai kuma ya ce in kai wayar ƙasan jitar, dab da fedojin, a rufe sauti, mutumin ya yi ta takawa kawai. Na durƙusa ina riƙe da waya kusa da ƙafar wani, ina jin yunwa, raina a ɓace. Ta farko tana ƙwas-ƙwas in an taka, ta biyu ko motsinta ba ka ji. Na ɗauka tsufa yake nema, ko wani abu ya kwance.

Ni da ban san kiɗa ba ma na ji bambancin. Baƙar muryarta siririya ce, tsaf, ba datti. Jar kuwa in an ja ƙarfen sai ka ji kamar mutum ne ke magana da ƙirji, kuma tana daɗewa kafin ta yi shiru. Kawu bai yi dogon zance ba.

"Ta farko," ya ce. "Ɗauko min ta farko."

Ya kashe wayar. Mutumin ya shafa jar da tafin hannu, ya gyaɗa kai, fuskarsa ba daɗi. Sai ya tashi ya ce in zauna in taɓa, tunda ni zan ɗauka.

Nan ne na shiga abin da ba a aike ni ba. Kiɗa ba nawa ba ne, amma feda tawa ce, shekara ashirin ina taka ta. Na ɗora ƙafar hagu a kan ta jar, na ji kamar kulocin tsohuwar motar da na fara koyo da ita, wadda in ka yi yini a cunkoson Aziziyya sai cinyarka ta kwana tana zogi. Na koma baƙar, ko nauyin yatsa ya ishe ta. Na tambayi mutumin ko ana iya sassauta jar, ya ce ya sassauta iyakar yadda za ta yi, haka aka ƙera su a da. Na sake takawa. Na tuna ƙafar da ke ja a matakala, na ce a raina wannan dattijo zai zauna a gaban abin da ya jira shekara arba'in ya taka ta ƙi sauka, ni kuma ina tsaye ina kallo. Tausayinsa ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Har da ɗan jin kai, cewa na hango abin da shi bai hango ba.

Na ce wa mutumin baƙar zan ɗauka. Ya tambaye ni sau biyu, ya nuna wayar, wato in sake kira. Na ce ba sai na kira ba. Bai matsa ba, don da ma jar yake so, na ga yadda kafaɗarsa ta sauka. Ina ɗora akwatin jitar da akwatin sautin da ya haɗa min da shi a mota masu ɗaukar kaya suka iso. A gabana aka kwance ƙafafun jar, aka naɗe ta da bargo, aka sa a kwali aka manne.

A shinge ba wanda ya tambaye ni abin da ke cikin akwatin. Na iso Misfala bayan la'asar, Kawu ya riga ya rufe shago rabi, ya share ɗakinsa na sama, ya hau da kujerar keken ɗinki. Shi ya haɗa ta da hannunsa, bai bar ni na taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Hannunsa bai manta ba, yana ɗaura sandunan fedoji kamar jiya ya kwance su. Ya rage sautin akwatin ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta, ya sa faratan, ya cire takalmi, ya yi bisimilla.

Ya tsinka tsirkiya mai kauri ya bar ta. Ta yi shiru da wuri. Ya sake. Ya ɗago ya dube ni, na ce ai waya tana ƙara wa abu murya, Kawu. Ya ɗora ƙarfen ya fara wani kiɗa a hankali, kuma na ɗan lokaci abin ya tafi daidai, har na fara sakin jiki. Sai muryar ta karkace. Ya tsaya, ya murɗa maɗaurin tsirkiya, ya sake farawa, ta sake karkacewa a wani wuri daban. Daga inda nake zaune a ƙasa ina ganin abin da shi ba ya gani. Ƙafarsa ta hagu tana kwance a kan feda ta biyu, ta danne ta rabi, shi kuma yana neman laifin a sama. Can ya leƙa ƙasa ya gani. Ya ɗaga ƙafar da niyya, ya taka, ya saki, ya taka, idonsa a kanta. Da ya ɗauke ido ya koma kan tsirkiya, ƙafar ta sake komawa ta kwanta.

Ya cire faratan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan jitar.

"Wannan ta biyu ce," ya ce.

Na ce eh. Na fara bayani, cewa ta farko tauri gare ta kamar kuloci, ni da ƙarfina ma sai da na danna, na ga kamar za ta wahalar da shi. Ya bar ni na kai ƙarshe. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa.

"Taurin nake so. Tafin ƙafata ba ya jin komai, amma gwiwata tana ji. Mai tauri in na taka zan ji ta a gwiwa, in ji ƙararta a kunne, in san na taka. Wannan ban san lokacin da nake kanta ba. Me kake tsammani na sa ka durƙusa da waya?"

Na fita matakala na kira mutumin, ya ɗauka, ya ce kaya sun tafi tashar jirgin ruwa, shi ma gobe da safe zai tashi. Ya ba ni haƙuri, abin da ya ƙara min haushi, don ba shi ya yi laifin ba. Na tsaya a matakalar ina lissafin makanikan Kudai, ko akwai wanda zai iya ƙara wa feda sifirin ta yi tauri. Daga baya an ƙara ɗin, ta ɗan taimaka. Muryar dai ba makanikin da zai ƙara mata.

Da na koma ɗakin na tarar ya mayar da faratan. Ya janye ƙafar hagu ya maƙale ta a bayan ƙafar kujera don kada ta je inda ba a aike ta ba, yana kaɗawa da hannu kaɗai. Na ce masa Kawu ka yafe min, ni sauƙi na nema maka. Bai daina jan ƙarfen ba.

"Na san kana kallon ƙafata," ya ce. "Shekara biyu kana kallonta. Ko sau ɗaya da ka tambaye ni, da na gaya maka."

Na zauna a bakin ƙofa har aka kira magariba, ya kashe akwatin, muka sauka tare yana dafa bango.