Katakon Malam Harisu

Shekaru da dama da suka wuce na ji ana faɗa a majalisarmu cewa Malam Harisu malamin dabbobi ba ya barin Daura sai ya auna matarsa. Na yi dariya, na ce mutanen garin nan in sun rasa abin yi sai su ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. To ga shi ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Rajab, bayan sallar la'asar, aka aiko mini cewa Allah Ya yi maka rasuwa, Harisu, bayan jinyar da ka sha. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ka tafi, Harisu, ban tambaye ka gaskiyar maganar nan ba, kuma ban fahimci rabin abin da ka yi ta ƙoƙarin koya mini ba.

Wanda bai san ka ba, ya san ɗakinka. Ɗaki ne mai taya biyu, irin wanda Turawa ke ja da mota su kwana ciki, wanda ka saya tsoho a hannun dillalan motoci. Mutane suka ce ka haukace. Kai kuwa ka zuba masa akwatunan magani, jarkokin ruwa, buhunan kanwa da tabarma, ka ɗaura shi a bayan Fijo ɗinka kana bin rugage daga Sandamu har Dutsi kana yi wa shanu allurar rigakafi. Da ka yi ritaya ma ba ka daina ba. Makiyayi nawa ya kwana a ɗakin nan saboda saniyarsa ta kasa haihuwa? Shekarar da ciwon huhu ya shiga garken Arɗo Sadiq, a can ka tare har aka ga bayansa, ka dawo duk ka yi baƙi, kana ta ba mu labarin maruƙan da suka tsira kamar jikokinka.

Abin da ya gagare ni shi ne maganar hanci. Ƙarfen da ya miƙo daga gaban ɗakin, wanda ake maƙalawa a ƙugiyar mota, shi kake kira hanci. Ka ce mini dole hancin nan ya danne ƙugiya. Na ce to a tara kaya gaba mana. Ka ce a'a, in ya danne da yawa, bayan mota zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya zama kamar ba a hannunka yake ba. Na ce to a mai da kayan baya. Ka dafe kai ka ce, “Abbas, kashe ni za ka yi? In hanci ya yi sakayau, ɗakin ne zai riƙa tuƙa motar.” Gaba laifi, baya laifi. Na ce to ina ne daidai? Ka ce kowace mota da nata daidai, abin da Fijo ke ɗauka ƙaramar motar da ka saya daga baya ba za ta ɗauka ba. Daga nan na daina tambaya, na riƙa gyaɗa kai don kada ka ji haushi.

Sau ɗaya na ga abin da idona. Ka ɗauke ni rakiya zuwa Dutsi. Muna cikin tafiya wata babbar mota ta wuce mu, sai na ji bayanmu ya fara rawa. Na waiga na ga ɗakin yana kaɗawa dama da hagu kamar wutsiyar saniya da ƙuda ya dama, motar kuma tana biye masa. Na kama salati, ina ihu ka taka birki. Ba ka taka ba. Ka ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari cak, har rawar ta lafa muka gangara gefe. Ka shiga ɗakin ka jawo buhun kanwa daga can baya zuwa gaban tayoyi. Na ce me ya faru? Ka share gumi ka ce, “Yau ban auna ba. Zubaida ta tafi suna Kano.” Na yi ta juya wannan amsa har muka dawo gida. Mene ne haɗin tafiyar matarka Kano da buhun kanwa? Kunya ta hana ni tambaya, don ba a tambayar mutum abin da ke tsakaninsa da iyalinsa.

Bayan an share makoki, makiyaya suka fara aike, lokacin rigakafi ya zo. 'Yarka Juwairiyya, wadda ta karanci aikinka, ta ce ita za ta ja ɗakin. Ni dai tun da na ji, hanyar Dutsi kawai nake gani. Na je gidan in ce ta haƙura. Na yi sallama aka ce in shigo farfajiya, sai na tarar da abin da na ƙaryata shekara da shekaru.

An kwantar da turmi a ƙasa, an ɗora masa dogon katako. Hancin ɗakin yana kan gefe guda. A ɗaya gefen akwai zane biyu da aka yi da wuƙa, na can ƙarshe an rubuta Fijo, na kusa da turmi kuwa na ƙaramar mota. Hajiya Zubaida, cikin hijabin takaba, tana tsaye a kan zane na biyu. Juwairiyya ta ce mini, “Baba, haka mahaifina yake yi. In katako ya daidaita, hanci ya yi. Na jera komai yadda yake jerawa, amma ya ƙi motsi.” Gaskiya ne, hancin yana ƙasa, Hajiya tana sama.

Juwairiyya ta juya za ta rage kayan gaba. Hajiya ta ce, “Bar su, Juwai. Kayan lafiyarsu lau. Ni ce na rage.”

Na dube ta da kyau. Watannin jinyarka sun cinye ta, kuma an ce tun da aka fita da kai ba ta wuce kunu ba. In aka rage kaya har katako ya daidaita da ita yadda take yanzu, hanci ya yi sakayau ke nan, yarinya ta hau titi da ɗakin da zai tuƙa ta. Wannan kam, karo na farko, na gane. Na ce a ɗauko sikelin 'yan hatsi mana. Juwairiyya ta ce, “A auna a nemi nawa, Baba? Bai taɓa faɗin lamba ba. Cewa yake yi nauyin Umma.”

Har yanzu ban san ko dabara ce ko sakaci ba, Harisu. Mutum mai ilimi kamarka, ka rasa ma'auni sai matarka? Ko kuwa so kake kowace fita ta zama da hannunta, ta fito ta tsaya, ku yi dariya, ta yi maka addu'a? Ban sani ba. Na dai ji Juwairiyya ta ce ba inda za ta sai katakon nan ya sauko, shanu su jira. Sai Hajiya ta sauka ta ce a ɗumama mata tuwon jiya, a sa man shanu.

Allah Ya jiƙanka, Harisu. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa dabbobin da ka tausaya wa su zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanka, da 'yan'uwanka, da makiyayan da ke jiran ɗakinka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare Juwairiyya a hanya.

Maganar auna mata kuwa, na janye dariyata. Na ji ta a majalisa, na ji ta a kasuwar shanu, duk ban yarda ba. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe, tana zaune da kwanon tuwo a gabanta, ita ce Hajiya Zubaida.