Bargon Uwargida da Gwangwanin Gam

Mai Sifika bai taɓa cin matarsa a gardama ba, balle ranar da bargonta ya ɓata. Ya rantse bai gan shi ba, ita kuwa ta buɗe but ɗin motar kwastoma, sai ga furannin bargonta suna leƙowa ta ƙarƙashin gam. Ashe shi ya ɗame a jikin akwatin sifika, ya shafe da gam da zaren gilashi har ya sandare daidai lungun but. Sana'arsa ke nan, kuma akwatinsa ba ya karkarwa ko kiɗa zai tsaga kunne.

To, wanda aka kama da bargo, ko tari ya yi sai an bincika. Yayansa, mai shagon, ya ga jan ido, ga susa, ya ce shaƙe-shaƙe ne, a bar masa shagonsa. Kullum yana bin gwangwanaye yana neman shaida.

"Wannan warin ba na mai hankali ba ne, ƙanena."

Mai Sifika ya ajiye buroshi, ya ba shi amsar da ta bar shi a shagon har yau:

"Yaya, sati guda hancinka na cikin gwangwanina. In gam yana bugarwa, wa za a fara kora?"