Maƙogwaron Sha'aibu

Yau a Tsarnawa, in yaro ya ce maƙogwaronsa na ciwo, uwa takan yafa mayafi ta nufi likita da shi. A zamaninmu wanzami ake kira.

Da sanyin shekarar da motocin siminti suka fara fitowa daga Malbaza, ƙanena Sha'aibu ya wayi gari ba ya iya haɗiye koko. Shi ne gwanin langa a unguwarmu. In ya kama ƙafa ɗaya ya doshi sha, ko manyan yara ba sa tare shi, kuma shi Baba yake aika lambun albasa da fura, don kafin ƙwarya ta daina kaɗawa ya dawo. Wanzami ya zo da zabirarsa, ya leƙa bakin, ya ce beli ne ya sauko. Aka riƙe yaro aka yanke, aka ba shi kunu mai yaji. Zazzaɓin da ya zo tare da ciwon ya sauka da kansa, muka koma ban ruwa da kiwon awaki, kowa yana yaba hannun wanzami.

Wata bai cika ba gwiwarsa ta kumbura. Inna ta gasa ta da tsumma mai zafi, washegari ciwon ya koma idon sawu, daga can ya hau gwiwar hannu. Kakarmu takan ce, "Wanga ciwo baƙo na, bai san masaukinai ba." Aka ɗora laifin a kan sanyin fadama, aka hana shi taɓa ruwan lambu. Gaɓoɓin sun warke sarai, amma da ya koma langa, tsalle kaɗan sai ya tsuguna yana haki. Abokai suna tsokanarsa, "Sha'aibu, ka tsuhwa tun ba ka yi gemu ba?" Yakan yi dariya, hannunsa a ƙirji. Daga baya ko tulu ya gagare shi, ya koma tufkar igiya a zaure. Ya rasu bai yi gemun ba.

Na yi Kumasi, na yi Jidda, ko'ina na ga yara masu irin wannan haki, kowace ƙasa da abin da take zargi. Sai a Dakar, ranar da na yi wa wani ɗan kasuwa Bahaushe tafinta a asibiti saboda 'yarsa, na ji bayanin. Likita yana faɗa da Faransanci, ni ina mayarwa da Hausa: ƙwayar cuta ce takan sauka a maƙogwaro, jiki ya tashi masu tsaronsa su yaƙe ta. A wasu yara, fatar ƙwayar tana kama da naman ƙofofin zuciya, sai masu tsaron su kasa bambancewa, su ci gaba da sara bayan baƙuwar ta tafi. Da an kashe ta da magani tun tana wuya, da faɗan bai kai zuciya ba. Ina tsakiyar fassara na gane labarin Sha'aibu nake bayarwa da bakina.

Ban ga laifin wanzami ba. Abin da ya gada ya yi. Amma bara, da jikata ta ƙi tuwo tana nuna wuyanta, ni da kaina na ɗora ta a babur zuwa asibitin Ƙonni. Yanzu da yamma nakan zauna a zauren nan ina kallonta tana langa.

A gidanmu dai, aski kaɗai wanzami yake yi yanzu.