Hannun Gwaggo Kuku Bai San Kaɗan Ba

Gwaggona, yayar mahaifina, kuku ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata tun kafin a haife ni. Kowa Gwaggo Kuku yake ce mata, har shugabar makarantar. Gajera ce kakkaura, damatsanta kamar na mai faskare, kuma in ta yi magana a kicin ana jiyo ta daga filin wasa. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta rungumi 'ya'yan mutane ɗari uku da arba'in tana ciyar da su safe, rana da dare. Ɗakinta a bayan kicin yake. Ba ta taɓa sayen tukunyar kanta ba, don me za ta yi da ita? In an gama rabo sai ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta kankare gindin tukunya ta ci, ta ce nan daɗin ya taru.

Da annoba ta shigo aka sallami ɗalibai, na tura maigidana ya ɗauko ta kafin a rufe hanyoyi. Ta iso da jaka ɗaya, da rediyo, da wani ludayi wanda ya fi hannuna tsawo.

Gidan haya muke, sassa biyar ne kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya. A sashenmu mu shida ne har da ita. Ni mai kula da sito ce a shagon kayan gini, ƙirga abu ya zame mini jiki, shi ya sa Gwaggo take kirana Akanta. Kafin dokar kulle ta fara aiki na yi sayayya na jera: shinkafa gwangwani arba'in da takwas, wake ashirin, taliya leda goma sha biyu, ƙwai kiret ɗaya, mai galan ɗaya, albasa talatin da ɗaya, ɗayar gyara ce. In aka bi a hankali, gwangwani huɗu a kowane girki, za su kai mu ranar da aka ce za a buɗe kasuwa.

Washegari ta tare ni a ƙofar kicin.

"Akanta, koma ki zauna. Ina gidan nan kina shan hayaƙi? Ai sai a zage ni."

Na auna mata gwangwani huɗu, na tafi wanki. Da na dawo na tarar ta sauke ƙaramar tukunyata ta ɗora babbar, kuma ga wata a gefe tana tafasa.

"Gwaggo, nawa kika zuba?"

"Huɗun da kika ba ni mana."

"To wannan tulin fa?"

"Gishiri ne ya ɗan yi yawa, sai na ƙara shinkafa ta kashe shi."

"Ta biyun fa?"

"Da na ƙara shinkafar sai gishirin ya yi kaɗan."

Nan na gane inda matsalar take. Gwaggo gishiri take fara zubawa, kuma hannunta awo ɗaya ya sani, cikin tafi. Daga nan sai ta bi gishirin da shinkafa, ta bi shinkafar da ruwa, ta bi ruwan da mai, har sai tukunya ta kai girman da idonta ya saba gani. Na leƙa buhu na auna: gwangwani goma sha biyar sun tafi a girki ɗaya.

Maigida ya zauna cin abinci, ya kalli farantinsa, ya kalli ƙofa. "Gwaggo, sauran 'yan ajin suna hanya ne?"

"Ci ka yi shiru, surukin banza. Dubi wuyanka kamar na mariƙin lema."

Abincin kam ya yi daɗi, ba ƙarya. Muka ci da rana, muka ci da dare, muka ɗumama da safe, wutar lantarki ta ɗauke, ragowar ta lalace a firji. Ta yi alkawarin za ta kiyaye. Da ta zo dafa taliya, leda biyar ta farke. Da yara suka ce suna son ƙwai, tara ta fasa, tana mitar ko ƙasan kasko ba su rufe ba. Ban da zaɓi. Na kulle sito, na durƙusa a gabanta na ce ta yi wa Allah ta huta, shekara da shekaru tana wahala, yanzu lokacinmu ne mu yi mata.

Ta dube ni ta ce, "To."

Duk wanda ya san Gwaggo ya san wannan "to" ɗin ba na alheri ba ne. Da farko tana zama a baranda tana tsokanata, in na kai mata abinci ta ce, "Sannu, Akanta, wannan na 'yar tsana ne ko na mutum?" Daga baya tsokanar ma ta daina. Rediyon ya yi shiru. Ta ci loma uku ta ture. Matar da muryarta ke cika makaranta sai da na sunkuya nake jin abin da take faɗa. Wata safiya na shiga ɗakin yara na tarar ta haɗa jakarta, ta ɗaure ludayin a samanta da igiya.

"Ina zuwa, Gwaggo?"

"Makaranta."

"A kulle take. Mota ma babu."

"Mai gadi ya san ni. Gara in zauna kusa da tukwanena ko babu komai a cikinsu, da in zauna nan ana ciyar da ni kamar marar lafiya."

Da ƙyar maigida ya lallashe ta ta bari sai ranar kasuwa, in an saki ababen hawa ya nema mata mota. Ya ja ni gefe ya ce, "In tsohuwar nan ta koma wancan kango ita kaɗai, ke za ki yi wa Baba bayani, ba ni ba."

Ranar kasuwar na fita da sassafe, takunkumi a fuska, buhu biyu a hammata. Ban taɓa ganin kasuwa haka ba. An ja igiya a gaban kowane shago, mai kaya yana miƙo leda a kan sanda. Layin mai shinkafa ya zagaye rumfar masu nama ya dawo, mudu biyu kacal ake sayar wa kowa. Saura mutum tara a gabana mai shagon ya kife buhu ya karkaɗe mana shi mu gani. Tumatir babu, an ce motocin suna tsare a hanya. Na ruga layin mai na samu galan ɗaya, na tsinci albasa da barkono da kabeji biyu, sai aka busa usur kowa ya watse.

Na dawo gida na tarar da matan gidan kowace a ƙofarta, ana baje koli daga nesa. Maman Biyu, matar Tela, ta samu shinkafa amma ba ta da ɗigon mai. Matar Direba ta samu wake da buhun gawayi, ba albasa. Nas, wadda ita kaɗai ke da izinin fita aiki, tana da katan ɗin taliya da tumatirin gwangwani, amma gas ɗinta ya ƙare, ga mahaifiyarta da 'yarta suna jiran ta dawo daga asibiti kafin su ci. Gwauron da ke gyaran waya, shi da ƙanensa, ƙwai kiret biyu suka kwaso don shi kaɗai suka iya dafawa.

Ina tsaye da galan a hannu na fara ƙirgawa. Murhu biyar, kowanne ana kunna shi sau uku, wuta goma sha biyar ke nan kullum, kuma ba tukunyar da ta cika sharuɗɗanta. Na ƙirga kawuna: shida, shida, shida, uku, biyu. Ashirin da uku. Ga mace a ɗakin yarana wadda ba ta iya girkin mutum shida ba.

Na faɗa musu abin da ke raina. Nas ce ta fara ɗaga hannu.

"Taro? A'a wallahi. Ni nake ganin abin nan da idona."

"Ba taro. Mutum ɗaya ce za ta dafa. Mu ajiye benci a tsakar gida, kowane sashe ya kawo kwanonsa ya koma. In an zuba, a fito ɗaya bayan ɗaya."

Ta sauke hannun ta ce, "Da takunkumi za ta yi girkin. Kuma sabulu a bakin famfo."

Saura tukunya. A bayan katangarmu akwai wata dattijuwa mai ba da hayar tukwane da kujeru, kulle ya tsayar mata da sana'a. Direba ya taka turmi ya yi mata magana, ta miƙo mana wata ƙatuwa ta saman katanga, ladanta kwano ɗaya kullum. Mun zama ashirin da huɗu.

Na shiga wurin Gwaggo na tarar tana zaune kusa da jakarta, ta yafa mayafi tana jiran mota. Na yi mata bayani. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ai an ce in huta."

"An janye, Gwaggo."

"Wa ya janye?"

"Gidan gaba ɗaya."

Ta ɗan leƙa ta taga, ta hango tukunyar a tsakar gida, na ga wuyanta ya miƙe. "Mutum nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"Ko aji ɗaya ba ku cika ba." Ta fara kwance igiyar ludayin. "Gindinta ya yi baƙi, a kawo min toka."

Tsarin da na kafa mai sauƙi ne. Kowane sashe ya kawo gwangwani ɗaya a kan kowane kai, ko abin da ya yi daidai da shi, a zuba a sitona. Makulli yana hannuna, ni nake aunawa. Sai ga shi a wannan tukunyar gishirin cikin tafi ya zauna daram. Gawayin da zai ƙare wa matar Direba a sashenta ya riƙe gidan duka. Gwaggo ta san dabarun ranar da ɗan kwangila bai kawo kaya makaranta ba: ta kakkarya taliya ƙanana ta haɗa da shinkafa, ta fasa ƙwai biyar a miya ta juya har kowa ya ga rabonsa, ta yanka kabeji siri-siri ya cika ido. In ta sauke, sai ta buga ludayi a murfi, duk unguwa ta san an gama. Kowa yaro ne a wurinta. Direba mai furfura ta ce masa, "Kai yaro, ja baya, ba a kira ajinku ba." Gwauro kuwa sau biyu tana mayar masa da kwano. "Wannan wankin na kunyar ido ne. Koma famfo."

Ana haka aka sanar an ɗage ranar kasuwa ta gaba. Kayan sito suka ja baya sosai. Tela kuma tun fara kulle ba wanda ya kawo masa ɗinki. Wata safiya kowa ya kawo nasa, ban da su. Na jira, na gaji, na rage gwangwani shida a awon ranar kamar yadda aka tsara, ina tunanin ko sun dafa nasu a ciki.

Da rana Gwaggo ta buga murfi, kwanuka suka fito kan benci. Ta ɗaga ludayi, ta tsaya.

"Akanta, kwano nawa ne nan?"

"Biyar."

"Na shidan fa?"

Na matsa na yi ƙasa da murya. "Yau ba su kawo awo ba."

"Shi ya sa kika rage min? Na gani ai, na cike da kabeji." Ta ja takunkuminta ya zauna daidai. "Wa ya kafa wannan doka?"

"Kowa ya yarda da ita, Gwaggo. Don kada lissafi ya—"

"Sito naki ne, na ji. Tukunyar fa ta wa ce?"

Ta mayar da murfi ta rufe, ta jawo kujerarta ta zauna, ta ɗora ludayin a cinya. Sannan ta saki muryar nan ta filin wasa.

"Maman Biyu! Ni tunda nake rabon abinci ban taɓa tambayar yarinya ko ubanta ya biya kuɗin makaranta ba. Ba mai cin ko ƙwara ɗaya a gidan nan sai na ga kwanonki!"

Labulen sashen Tela ko motsi bai yi ba. Ƙamshi kuwa ya cika tsakar gida, yara suna leƙe ta tagogi.

Direba ne ya kasa haƙuri. "Tela, don girman Allah ka fito da kwanon nan! Kai kana jin kunya, ni hanjina yana kiran sunan kakata!"

Gwauro ya ce, "In wanki ne matsalar, miƙo in wanke, na zama gwani."

Dariya ta ɓarke, har daga bayan katanga. Labule ya ɗaga, Maman Biyu ta fito tana rufe fuska da mayafi, tana dariya tana share ido, ta ajiye kwanon ta juya da gudu. Gwaggo ta fara zuba na Maman Biyu, ta danna, ta ƙara.

Da aka gama rabo, kowa ya shige, Gwaggo ta miƙo mini tafin hannu. Na ciro makullin sito na ɗora mata. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ƙulli biyu.

"Ke dai kullum da safe ki ƙirga min kawuna ki faɗa min. Sauran aikina ne."

Maigida ya raɗa mini a kunne, "Shi ke nan, buhu sai wani ikon Allah."

"Ina jin ka, suruki," in ji Gwaggo, kanta a cikin tukunya tana kankara.

Ba ta ƙara zancen mota ba har aka buɗe makarantu. Ranar da kasuwa ta dawo ci kuwa, na roƙe ta aron makullin na leƙa sito don in san abin da zan sayo. Saura shinkafa gwangwani biyu, albasa ɗaya da rabi, kuma a cikin mu ashirin da huɗun nan ba wanda ya kwana da yunwa.