Ranar Da Kaka Ya Ari Idona

Akwai wani ƙamshi da mutane ba sa kulawa da shi, ni kuwa in na ji sai na tsaya na shaƙa: na man keken ɗinki, farin man nan da ake ɗiga wa injin. Jiya wani tela a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da ke nan Kuala Lumpur ya buɗe kwalbarsa ina tsaye ina jiran a rage min hannun riga, nan take na koma falonmu na unguwar Sentul, hawa na tara, a shekarar da korona ta kulle kowa a gida. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ba na jin akwai yarinyar da ta fi ni taurin kai a duk benen.

A Kano aka haife ni, amma ban san ta ba. Ina goye aka kawo ni Kuala Lumpur da Abba ya zo karatu, ya gama ya zarce da sayen yadi yana aikawa gida. Hausa ina ji sarai, sai dai in an yi min magana da ita in mayar da Turanci ko Malay, yaren ƙasar. Ba wanda abin ya dama sai da Kaka, mahaifin Abba, ya zo. An kawo shi ne a cire masa yanar ido. Kafin ranar aikin aka sa dokar kulle, asibiti suka ce duk abin da ba na gaggawa ba ya jira, jirage suka daina tashi. Tsoho ya maƙale a hannunmu, yana ganin duniya dishi-dishi.

Ba mu jitu ba ni da shi. In ya ce, "Amarya, kawo min shayi," in ce, "Okay, wait lah," sai ya juya wajen Umma ya ce ya saki wannan Baturiyar, a nemo masa mai jin magana. Wasan kaka da jika ne, na sani, amma ni haushi nake ji da gaske. Shi ma ina jin ba duka ne wasa ba.

Kullen ya tsayar da kasuwancin Abba cak. Shagunan yadi a rufe, kaya ba sa fita. Abin da ya riƙe gidan shi ne keken Umma, wani tsohon injin ɗinki na lantarki da ta saya a hannun wani tela. Ta shiga ɗinka takunkumi da ragowar yadin Abba, ɗalibai 'yan Najeriya da maƙwabta suna saye, mai ɗan shagon ƙasan bene yana karɓa yana sayar mata. Daga safe zuwa la'asar ƙarar keken nan ake ji a gidanmu. Da ita muke cin abinci, kuma kowa ya san haka ko da ba a faɗa ba.

Wata Talata da hantsi keken ya fara tsallake ɗinki. Ya yi biyu ya bar uku, zare ya cukuikuye a ƙasa, allura ta karye. Umma ta sa wata, ita ma ta karye. Abba ya kira duk mai gyaran da ya sani. Wannan ya ce ba shi da izinin fita, wancan ya ce shingen 'yan sanda ya raba mu. Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit irin na ranar ba. Umma ta zauna gaban keken ta yi tagumi, ga yankakken yadi tuli a kwando.

Kaka na kan tabarma yana jan carbi. Ya ce a juya masa keken da hannu, a hankali. Umma ta juya. Ya karkata kunne, ya ce a sake. Sannan ya ce, "Ƙugiyar da ke kama zare a ƙasa ce ta goce. Sai allura ta wuce take isowa. Aikin minti goma ne."

A nan ya kamata in gaya muku ko wane ne tsohon nan. Yana saurayi wata masaƙa a Kaduna ta tura shi Jamus koyon gyaran injuna. Ya yi shekara uku, ya dawo ya zama mutumin da in injin ya tsaya ake aika mota ta ɗauko shi ko da ranar Sallah ce. Yana kuma da wata ɗabi'a da duk danginmu suka sani: in zai buɗe cikin injin, sai kowa ya fita. Yaransa na masaƙa su kwance murfi, su jera masa kayan aiki, sai ya aike su sayen goro. A gida ma haka, ko rediyo zai gyara sai ya rufe ƙofa.

To ranar ma bai canza hali ba. Ya ce a ba shi sukundireba da tocila, kowa ya ba shi wuri. Muka koma kicin mu uku muka yi cirko-cirko. Muna jin ƙarfe na faɗuwa a tayil, muna jin yana laluben ƙasa, muna jin tsaki. Minti goma ta zama awa guda. Da na leƙa, na ga ya kai fuskarsa har tana taɓa ƙarfen, idanunsa na ruwa saboda hasken tocila, bakin sukundireban sai zamewa yake yi. Hannun ya san aikin sarai, idon ne ya ƙi. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban taɓa ji ba tun zuwansa.

Bai juyo ba ya ce, "Wa ke nan?" Na ce ni ce. Na ɗauka korata zai yi. Can ya ce, "Zo ki ara min idonki. Amma da Hausa za ki gaya min abin da kika gani."

Na durƙusa a gefensa. Ya sa na juya keken har allura ta sauka iyakar saukarta, ta ɗan ɗago kamar kaurin tsinken ashana. Ya ce ina bakin ƙugiyar yake? Na ce yana nesa. Nesa kamar me? Na rasa kalma, na kama yatsansa na gwada masa a farce. Ya yi dariya ya ce wannan ma magana ce. Ya ɗora hannunsa a kan nawa muka sassauta ƙugiyar, na matsar da ita har bakinta ya zo daidai saman kafar allura, ya sa na zura takardar littafina tsakaninsu: ta shiga, amma da ƙyar. Sau uku muna ɗaurewa yana cewa a kwance. Na fusata na ce ai ya yi haka nan, Umma na jira. Ya ce "ya yi haka nan" ɗin nan shi ya kashe mana masaƙu.

Muna cikin kwancewa da ɗaurewa ya ba ni labarin da Abba ya ce ko shi bai taɓa ji ba. Da ya isa Jamus, maigidan da aka damƙa shi a hannunsa ya ba shi guntun ƙarfe da magagari, ya ce ya goge har ya daidaita. Sati ya wuce, wata ya wuce, kullum gugar ƙarfe. Ya ɗauka wulaƙanci ne don shi baƙar fata ne, har ya rubuta takardar neman a maido shi gida. Kafin ya aika sai ya gano cewa yaron da ke guga a teburin gefensa, wanda ake dawo wa da aiki fiye da kowa, ɗan maigidan ne na cikinsa. Bayansu kuma ga Turkawa biyu, su ma guga. Wasu ranaku a masana'anta, wasu a aji, har da darasin harshen ƙasar. Wata rana maigidan ya gan shi yana ɓuya bayan injin yana sallah. Washegari Kaka ya tarar an share wani lungu an shimfiɗa masa kwali.

"Kuma in zai buɗe injin," in ji Kaka, "kiranmu yake yi. Wanda ya tsaya a baya ma faɗa yake masa."

Ashe Abba ya daɗe tsaye a bakin ƙofar kicin. Ya ce, "Baba, ni abin da ke ɗaure min kai, lebura a can ya fi manajanmu albashi, amma factories ɗinsu na nan da rai. Namu da aikin ke da araha sun zama kango."

Kaka ya ce tsadar ma'aikaci ba ta kashe masana'anta in abin da hannunsa ke yi ba a samunsa a wani wuri. Mai saye zai yi ƙorafi, ya biya, ya kuma dawo. Hannun nan kuwa rainonsa ake yi, na ɗan gida da na baƙo duka. Ɗaya daga cikin Turkawan nan har tasa 'yar masana'antar ya buɗe, ya ɗauki Jamusawa aiki. Rashin wuta da kayan waje masu araha sun yi mana illa, bai musa ba. Sannan ya sauke murya.

"Amma ni ma da hannuna a ciki. An koya min a fili, na dawo na rufe ƙofa. Tsoro nake kar yaro ya iya a ce ba a bukatata. Har na bar aiki ban bar mutum ɗaya da zai iya abin da nake yi ba. Ko kai."

Kaka ya ce, "Kana nan? Matso ka riƙe mana tocila." Na ga mahaifina, mai digiri uku, ya tattare jallabiya ya durƙusa a tayil, yana haska inda aka ce ya haska.

A ɗauri na huɗu Kaka ya ce a kira mai keke. Umma ta taka, ɗinki ya fito layi guda ba tsallake, ta kife kai a kan teburin tana kuka tana dariya. Kaka ya ce ya mayar da Baturiyarsa ɗakinta. Sauran watannin kullen babu abin da ba mu buɗe ba a gidan nan, fanka, famfo, tukunyar shinkafa ta lantarki, wasu ma lafiyarsu ƙalau. A cikinsu bakina ya buɗe da Hausa, har da tsakinsa na gada. Da aka sassauta doka aka yi masa aikin ido, ya dube ni ya ce ashe ma da ba ya gani na fi kyau. Ya koma gida, bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa da alheri. Ita kanta yanar idon ina gode wa Allah da ita, don da yana gani da ni ma goro zai aike ni saye.

Yanzu karatun injiniya nake yi, kuma an tura ni sanin makamar aiki a wata ƙaramar masana'antar roba a bayan gari. Masu ɗaukar kaya da shara a wurin 'yan Bangladesh ne da 'yan Nepal. Ni ma da na girma a nan, takardar izinin zamana sabunta ta ake yi. Makon jiya na buɗe cikin wani injin, sai na ji mutum a bayana, wani dattijo ɗan Bangladesh riƙe da tsintsiya, yana miƙa wuya. Ba zan ɓoye muku ba, kafin in ankara na riga na gyara tsayuwa na kare masa da bayana. Baƙuwa ce ni, mace ɗaya a wurin, ɗan abin da na iya shi ne madogarata. A lokacin na gane irin tsoron da tsohon nan ya rayu da shi, na kuma ji kunyar kaina. Na matsa gefe, na ce masa da Malay ya matso. Ya jingine tsintsiyar, ya goge hannunsa a wando, ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana share ƙarƙashin injin nan, yau ne ya fara ganin cikinsa.